Kuɗin Mota Yana Cinye Ribar Uwargida

 Yau ina so mu ɗan jingine maganar girki da renon yara, mu tattauna wani al'amari wanda da yawa daga cikinmu suke ɗauka maganar maza ce, watau sha'anin motocin haya na cikin gari. A ganina kuwa babu wanda wannan magana ta shafa kamar mu, musamman waɗanda suke 'yar sana'a a cikin gida. Zan yi misali da birnin Kano, domin nan nake zaune, nan kuma nake koyarwa, amma na tabbata 'yan'uwa na Zariya da Katsina da Sakkwato za su ji kamar da garinsu nake.

Ga abin da ya tayar mini da maganar. Ni malamar makarantar firamare ce, ina riƙe da aji biyar. Akwai wata yarinya a ajina mai ƙoƙari ƙwarai, wadda ba ta wuce ta uku in an yi jarrabawa. Sai na lura duk ranar Litinin da Alhamis ba ta shigowa sai wajen ƙarfe 11, wani lokaci ma ba ta zuwa sam. Na yi faɗa har na gaji, sa'an nan wata Asabar na ɗauki mayafina na tafi gidansu. Mahaifiyarta ta karɓe ni hannu bibbiyu, ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa. Ashe sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma masu karɓar man nata wasu masu shago ne a wata unguwa can gaba da tasu. Ta bayyana mini cewa in ta ɗauki shatar ɗan sahu ya kai, abin da zai karɓa ya fi ribar da za ta samu. In kuma yarinyar ce za ta hau, sai ta sauka ta sake hawa wani, ga kuɗin kaya daban. Saboda haka sai yarinya ta ɗora jarka a ka ta taka, in ta gaji ta hau na rabin hanya.

Na fito gidan nan jikina a sanyaye. Na tafi da niyyar yi wa uwa nasiha a kan amfanin ilmin 'ya mace, sai na tarar ta san wannan sarai, abin da ya fi ƙarfinta kuɗin mota ne.

Tafiya biyu ta mai sana'a

Kowace sana'a ta cikin gida tana da tafiya biyu, watau tafiyar saro kaya da tafiyar kai kaya ga mai saye. Mai ƙuli-ƙuli da mai fura da mai ƙosai, gyaɗarsu da geronsu da wakensu sun fi sauƙi a Dawanau, can kan hanyar Katsina. Mai sayar da atamfa da leshi a ɗaki, wadda mata suke ɗauka su biya a hankali, tilas ta dangana da Kantin Kwari. Mai ɗan tebur na sukari da sabulu da taliya Singa za ta nufa. Kayan miya suna Yankaba, lemo da ayaba suna 'Yan Lemo ta Na'ibawa, goro yana Mariri, gwanjo da robobi suna Ƙofar Wambai, kayan haɗa turaren wuta kuwa sai Kurmi, kasuwar da take ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, fiye da shekara 500 ke nan. Wanda ya san Kano ya san kasuwannin nan kowace da kusurwarta, wata gabas, wata arewa, wata a tsakiyar birni. Matan da suke buƙatarsu kuwa yawancinsu suna sababbin unguwanni na bakin gari, inda haya ta fi sauƙi.

To, bari mu yi lissafi kamar yadda nake yi da yara a allo. A ce uwargida tana da jarin naira 20,000, in ta sarrafa kayan ta sayar za ta ci ribar naira 4,000. A ce zuwa kasuwa da dawowa da kaya ya ci naira 1,500, kai wa masu saye kuma ya ci naira 1,000. Abin da ya rage mata naira 1,500 ne, ba a cire kuɗin niƙa da na itace ba, balle a yi zancen wahalarta. Attajirin da ya cika babbar mota da kaya, kuɗin mota bai dame shi ba, domin zai rarraba shi a kan buhu ɗari. Mai ƙaramin jari kuwa a kan kwano goma za ta rarraba nata. Wannan shi ya sa tsadar abin hawa ta fi yi wa talaka ciwo, a cikin talakawa kuma ta fi yi wa mace.

In abin ya kai haka, hanya uku ce ta rage wa uwargida. Ko dai ta daina zuwa babbar kasuwa ta riƙa saye a hannun ɗan kiri na unguwa da tsada, ko ta ƙara wa kayanta kuɗi masu saye su gudu, ko kuwa ta ɗora wa 'yarta. Galibi ta ukun ake bi, domin ƙafar yarinya ba a biyanta. Mu malamai mun daɗe muna kuka da talla, muna cewa tana hana 'ya'ya mata karatu, tana jefa su cikin hatsari iri-iri, kuma gaskiya ne. Amma ya kamata mu tambayi kanmu, me ya sa uwa take aiken 'yarta? Sau da yawa yarinyar nan ita ce motar uwarta. Muddin ba a samar wa uwar wata motar ba, wa'azinmu ba zai yi nisa ba.

Asalin A Daidaita Sahu

Wasu ƙannenmu ba su san dalilin da ya sa ake kiran keken nan mai ƙafa uku A Daidaita Sahu ba. A wasu jihohi Keke NAPEP ake ce masa, saboda shirin yaƙi da talauci da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 2001, zamanin Shugaba Obasanjo. A Kano kuwa sunan ya fito ne daga shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau. A shekarar 2005, lokacin da aka hana 'yan acaɓa ɗaukar mata, gwamnati ta kawo kekunan nan masu launin ruwan ɗorawa domin mata su samu abin hawa cikin mutunci. Ina 'yar ƙarama a lokacin, amma ban manta da murnar da iyayenmu suka yi ba. Watau dai asalinsa dominmu aka kawo shi. A watan Janairu na 2013 kuma, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana acaɓa a cikin birni. Daga nan maza da mata kowa ya koma sahu, har ya zama shi ne babban abin hawan jama'ar gari.

Ba mu san iyakar amfaninsa ba sai a watan Janairu na 2022, lokacin da 'yan sahu suka shiga yajin aiki na 'yan kwanaki saboda saɓani da hukumar KAROTA a kan kuɗin sabunta takardu. Wadda take Kano a lokacin ba ta bukatar a ba ta labari. Tituna suka cika da masu tafiya a ƙasa, 'yan makaranta da malamai suka yi ta makara, masu zuwa awo asibiti da yawa suka haƙura, 'yan kasuwa suka buɗe rumfuna suna hamma. A unguwarmu masu waina da masu awara sun yi kwantai, domin waɗanda suke tsayawa su saya kafin su hau sahu ba su fito ba. A kwanakin nan ne na gane cewa ashe ciniki ma a ƙafa yake, kamar yadda Hausawa suka ce game da zumunci.

Sa'an nan sai ga maganar man fetur. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin mai. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. Kuɗin sahu ya bi bayanta. Tun daga lokacin mata da yawa suka rage zuwa suna da biki da dubiya, wasu kuma sana'arsu ta mutu a hankali ba wanda ya ji labari, domin karayar jarin mace a cikin ɗaki take faruwa.

Inda gizo yake saƙa

Tsadar mai ba ita kaɗai ce matsalar ba. Akwai wata wadda ta girme ta, wadda kuma gyaranta yana hannunmu a nan gida. Ku lura da kyau, kusan duk hanyoyin haya na Kano tsakiyar gari suka nufa, Bata da 'Yan Kura da bakin Kantin Kwari da bakin Asibitin Murtala. In daga unguwarki can za ki, da wuya ki daɗe a bakin titi. Amma in daga unguwa za ki wata unguwa, to, sai kin shirya. Wadda take Rijiyar Zaki tana son zuwa Kurna, ko wadda take Ɗorayi tana son zuwa Na'ibawa, sai ta sauka ta sake hawa, wani lokaci har sau uku, ko kuwa ta ɗauki shata. Kowace sauka da kuɗinta, kowace hawa da cinikinta, ga goyo, ga kaya, ga rana.

Illar wannan ga cinikin unguwa babba ce. Mai ɗinkin da ta ƙware a Sheka, matan Hotoro ba su san da ita ba, in ma sun sani zuwa awo da karɓo ɗinki ya fi ƙarfinsu. Mai yin alkaki da dubulan da nakiya na gara, masu sayenta ba su wuce lungu uku ba. Kowa ya samu kuɗi sai ya kwashe su ya kai tsakiyar gari, cunkoso ya ƙaru a can, 'yan kasuwannin unguwa kuma su zauna ba ciniki. Ga mai kaya ga mai bukata, tsakaninsu bai fi tafiyar minti 15 a mota ba, amma babu abin da zai haɗa su.

Kada kuma mu ɗora wa 'yan sahu laifin duka. Da yawansu keken ba nasu ba ne, kullum sai sun kai wa mai shi balas, wasu kuma suna biyan kuɗinsa ne a hankali a kan farashin da ya zarce na kasuwa. Kekunan daga Indiya ake kawo su, irin su Bajaj da TVS, saboda haka in Naira ta faɗi kayan gyara sai su tashi. Ga mai, ga haraji, ga iyali. Mutumin da yake cikin wannan hali ba zai bi hanyar da bai tabbata zai cika ba, zai nufi inda jama'a suka taru ne. Ba zai shiga unguwar da damina ta cinye hanyarta ba, in kuwa ya shiga sai ya ninka kuɗi.

Na san akwai masu cewa a kawar da sahu gaba ɗaya a kawo manyan motocin bas, saboda gudun ganganci, da ba yara ƙanana tuƙi, da ɓata-garin da suke fakewa da sana'ar suna ƙwacen waya. Koke-koken nan gaskiya ne, ni ma na sha yin salati a cikin sahu. Amma babbar bas ba ta shiga lungu, mace mai ciki ko tsohuwa mai buhu kuwa ba za ta iya takawa zuwa bakin kwalta ba. A ƙarshen 2022 an gwada hana 'yan sahu bin wasu manyan tituna, ba a yi kwana nawa ba aka janye dokar saboda wahalar da jama'a suka shiga. Abin da ya dace shi ne kowanne ya yi aikinsa, bas a babban titi, sahu a cikin unguwa, su riƙa miƙa wa juna fasinja.

Roƙona ga Hukuma

Na farko, ina roƙon Gwamnatin Jiha da ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, watau Birni da Kewaye, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nasarawa, Kumbotso da Ungogo, su zauna da ƙungiyoyin direbobi a tsara hanyoyin da za su haɗa unguwa da unguwa ba sai an ratsa tsakiyar gari ba. Kowace hanya a ba ta lamba da launi nata, yadda ko wadda ba ta yi boko ba za ta gane motarta daga nesa. A yanke kuɗi tsayayye na mutum da na kaya, a rubuta a tasha, a huta da ciniki da cacar baki a bakin titi.

Na biyu, direban da ya yarda ya riƙe irin wannan hanya a sassauta masa haraji, a kuma sa shi gaba in ana rabon kekuna na bashi ko ana mayar da su masu amfani da iskar gas. Sabuwar hanya ba ta cika ranar farko, sai an daure wata da watanni kafin mutane su saba. In ba a tallafa wa direba a wannan lokaci ba, zai koma inda ya saba.

Na uku, a samar da bas ta sassafe daga manyan unguwanni zuwa Dawanau da Yankaba da Singa, mai kujerun mata daban da wurin ajiye buhu da kwando, ta tashi a kan lokaci, ta dawo a kan lokaci. Wannan ba abin da ya gagara ba ne. A Maiduguri, a watan Disamba na 2023, gwamnatin Jihar Borno ta ƙaddamar da motocin bas da tasi, har da masu aiki da lantarki, domin ɗaukar jama'a cikin gari a kan kuɗi mai rahusa. Sai dai a kula da gyara, domin mun sha ganin motocin gwamnati ana buɗe su da kiɗa, bayan shekara biyu a tarar da su a jibge ba taya.

Na huɗu, a gyara ƙananan hanyoyi da kwalbatoci na cikin unguwa. Gadar sama tana da kyau, amma kwalbati ɗaya a bakin lungu yana iya rage wa mata ɗari kuɗin mota duk damina. Sa'an nan duk inda aka yi tasha a kafa rumfa da benci da fitila, domin inda mutane suke sauka nan ciniki yake tsirowa, mai shayi ya zo, mai faci ya zo, mai ƙosai ta zo. In za a raba wuraren sana'a a irin wannan tasha, a tuna da zawarawa da iyayen marayu na unguwar kafin a ba baƙo.

Su kuma shugabannin 'yan sahu, ina roƙonsu su tsabtace sana'arsu. A daina ba yaro ƙarami tuƙi, a daina cusa fasinja a gefen direba, a rage kiɗa, kowane keke lambarsa ta fito sarai. Uwar da ta amince da ku ita ce za ta ba ku kayanta da 'ya'yanta.

Namu aikin

Kafin Hukuma ta motsa, mu ma akwai abin da za mu iya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mun iya adashi tun kaka da kakanni, to, me zai hana mu yi adashin mota? Mata huɗu ko biyar masu saro kaya a kasuwa ɗaya su tsayar da rana, su haɗa kuɗi, su ɗauki shata ɗaya. A nemi ɗan sahu natsattse ɗan unguwa, wanda mai unguwa ya san gidansu, a yi yarjejeniya da shi ta mako ko ta wata da sanin mazajenmu. Yanzu ga wayar hannu, mai saye yana iya faɗin abin da yake so, a ɗaure kaya a rubuta suna, direba ya kai, kuɗi su shigo ta waya. Ƙungiyoyin mata masu ɗan ƙarfi ma suna iya sayen keke nasu, su ba wani ɗansu ya riƙa ja, safe ya yi musu jigila, sauran yini ya nemi na kansa.

Maigida ma da nasa. Ribar sana'ar uwargida ai a cikin gidan take ƙarewa, a cefane da sabulu da littattafan yara da kayan ɗakin 'ya'ya mata. Wanda hanyar aikinsa ta bi ta kasuwa, in ya sayo mata buhun gyaɗa a kan babur ɗinsa bai faɗi ba.

Wannan shawara ta adashin mota ita muka gwada da mahaifiyar ɗalibata. Ta samu maƙwabta uku masu aika kaya gefe ɗaya, suka yi magana da wani ɗan sahu na layinsu, yana kwashe kayan bayan sallar asuba ranar Litinin da Alhamis, su raba kuɗin huɗu. Yarinya yanzu tana cikin masu sharar aji da safe. Amma ba kowace mace ce za ta dace da maƙwabtan da hanyarsu ta zo ɗaya ba, kuma a ajina kaɗai akwai wasu yaran da har yanzu nake rubuta musu makara. Saboda su ne nake roƙon masu iko su dubi wannan al'amari da idon rahama.

Daga ƙarshe ina kira ga 'yan'uwa mata, musamman malamai da ma'aikatan asibiti da shugabannin ƙungiyoyi, duk lokacin da kansila ko ɗan majalisa ya zo neman goyon bayanmu, kafin mu karɓi atamfa da sabulu mu tambaye shi wace mota ce za ta kai mu unguwar da take kusa da mu, kuma nawa za mu biya. Ina kuma so in ji daga gare ku, ku rubuto wa wannan fili yadda abin yake a garuruwanku da dabarun da kuke yi, domin mu ƙaru da juna.

Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya shirya mana zuriya, ya kiyaye mu da sharrin hanya, amin.

Daga wata malamar firamare, Kano.